Yadda Ake Gano Ainihin Buƙatun Makaranta da Alƙaluma Kafin a Tsara Gyara

Duk inda aka tara malamai aka tambaye su abin da makarantarsu ke buƙata, amsar kusan iri ɗaya ce: ƙarin malamai, littattafai, kwamfutoci, gyaran azuzuwa, bita. Babu ƙarya a ciki. Sai dai duk waɗannan mafita ce aka ambata tun ba a tantance matsalar ba. Roger Kaufman, masanin Amurka da ya daɗe yana rubutu a wannan fanni, ya tsaya a kan cewa buƙata ita ce tazarar da ke tsakanin sakamakon da ake samu yanzu da wanda ya kamata a samu. Ke nan "muna son ɗakin karatu" buri ne, amma "rabin 'yan aji uku ba sa iya karanta jimla" ita ce buƙata. Ɗakin karatu yana iya magance ta, yana iya kasawa. Matakan da ke tafe hanya ce ta gano wannan tazara da hujja, sannan a gina tsarin gyara a kanta.

Mataki na farko: 'yan aiki da tambayoyinsu

Shugaban makaranta kada ya yi aikin shi kaɗai, kada kuma ya jefa shi ga taron malamai gaba ɗaya. Mutum biyar zuwa takwas sun isa: shi kansa, malamin ƙananan azuzuwa, malamin manyan azuzuwa, mai riƙe da rajista da sakamakon jarrabawa, da wakilin iyaye. Idan sakandare ce a saka ɗalibi ko ɗaliba. Ni dai ina ba da shawarar a saka malamin nan da ba ya jin nauyin cewa "ranka ya daɗe, ban yarda ba", domin kwamitin 'yan amshin shata abin da shugaba ya riga ya yi imani da shi kawai zai gano.

Kafin a buɗe ko fayil ɗaya, ku rubuta tambayoyi biyu ko uku da kuke son amsarsu. Su wa ke koyo, su wa aka bari a baya? A wane aji yara ke fara zamewa? Su wa ke fashi, kuma a waɗanne ranaku? Wanda ya shiga tattara bayanai ba tare da tambaya ba zai tara takardu ne har ya rasa ta inda zai fara. Ku kuma yanke wa aikin wa'adi, kamar mako huɗu zuwa shida, don kada binciken ya cinye shekarar da ake son gyarawa.

Mataki na biyu: tattara bayanai

Victoria Bernhardt, wadda ta yi fice wajen koyar da makarantu amfani da bayanai, ta kasa su gida huɗu: su wane ne ɗaliban, me suka koya, yaya makarantar ke gudanar da aikinta, kuma me mutane ke ji game da ita. Amfanin wannan rabo shi ne yana hana ku maƙalewa a kan sakamakon jarrabawa kaɗai. Jarrabawa tana nuna cewa akwai matsala, amma ba ta faɗin daga ina ta taso.

Ku fara da abin da ke cikin ofis. Rajistar shiga makaranta ta shekara uku, rajistar kiran suna, jerin waɗanda suka maimaita aji da waɗanda suka daina zuwa. A cikinsu babu wadda ake wulaƙantawa kamar rajistar kiran suna, alhali ita ce ta fi kowace faɗin gaskiya idan aka iya karanta ta. Kuskuren da aka saba shi ne a fitar da jimilla a ce halarta ta kai kashi 90 cikin 100, a yi hamdala. A ce aji ne mai yara 40. Kashi 90 na nufin kullum kujera huɗu babu kowa. Yana iya zama kowane yaro ne ke fashi sau ɗaya a kwana goma, yana kuma iya zama yara takwas ne ke rasa rabin kwanakin karatu, sauran 32 ba sa fashi ko kaɗan. Alƙalami ɗaya, matsala biyu da ba su yi kama ba, kuma gyaransu ma daban. Saboda haka ku ƙirga fashin kowane yaro da sunansa. Ma'aunin da ya yaɗu, musamman a Amurka, shi ne yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu, da uzuri ko babu, ya shiga sahun masu fashi mai tsanani. A shekarar karatu mai kwana 180, kwana 18 ke nan, wato kusan kwana biyu a wata, abin da ba ya ɗaukar hankalin kowa sai an tara shi.

Sai koyo. A nan ku yi hattara da makin jarrabawar ƙarshen zango. Malamin da ya koyar shi ya tsara tambayoyin, shi ya duba, don haka maki 60 a ajin wannan ba daidai yake da 60 a ajin wancan ba. Idan firamare ce, ku yi ɗan gwaji na daban, yaro ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar Pratham ta Indiya tun 2005 take amfani da wani gwaji mai sauƙi a bincikenta na ASER: a nuna wa yaro haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi, da ɗan labari, a rubuta matakin da ya tsaya. A lissafi ma haka, daga gane lambobi zuwa ɗebewa da rabawa. Takarda ɗaya ce, 'yan mintuna ne ga kowane yaro. Akwai kuma gwajin EGRA da aka ɓullo da shi a 2006, wanda ke ƙirga kalmomin da yaro ya karanta daidai cikin minti ɗaya. Kada ku ɗauka cewa ɗan aji huɗu ya iya karatu don yana aji huɗu. A 2019 Bankin Duniya da UNESCO sun ƙiyasta cewa kashi 53 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi, kuma ƙiyasin 2022, bayan rufe makarantu saboda korona, ya kai kashi 70. Idan sakandare ce, ku ɗauki takardun jarrabawa ɗaya ku bi su tambaya bayan tambaya, ku ga wace tambaya ce ta kayar da mafi yawan ɗalibai, kuma wace amsar kuskure suka fi zaɓa. "Sun faɗi lissafi" ba ta gaya wa malami abin da zai yi gobe. "Sun kasa duk tambayar da ta haɗa da ɓangaren lamba, irin su rabi da kwata" tana gaya masa.

Na uku, yadda aiki ke gudana, shi ne wanda ake tsallakewa don yana taɓa manya. Darasi nawa jadawali ya tanada a mako, nawa aka yi da gaske? Ƙarfe nawa darasin farko ke farawa? Ku ɗebi littattafan rubutu goma daga kowane aji, ba waɗanda malami ya zaɓo ba, ku duba yawan aikin da aka bayar da ranar da aka yi musu maki na ƙarshe. Ku shiga azuzuwa ku zauna. Akwai dabarar Jane Stallings, wata mai binciken ilimi a Amurka, ta shekarun 1970, inda mai lura ke ɗaga kai sau goma a tsawon darasi, a tazara daidai, ya rubuta abin da malami ke yi da abin da yara ke yi a wannan lokacin. Da haka ake gane nawa ne daga lokacin darasi ya tafi a koyarwa, nawa ya tafi a kiran suna, kwafar allo da tsawatarwa. Ku faɗa wa malamai tun farko, kuma ku cika alkawari, cewa wannan shiga ba ta neman laifi ba ce kuma ba za ta shiga fayil ɗin kowa ba. In ba haka ba za a shirya muku darasin ganin ido.

Na huɗu, ra'ayoyi. Takardar tambayoyi gajera, wadda ba ta wuce tambaya goma, ba a rubuta suna. Ɗalibai a zanta da su rukuni-rukuni ba a gaban malaminsu ba. Iyaye kuwa, waɗanda ke zuwa taro galibi su ne waɗanda 'ya'yansu ba su da matsala. Wanda kuke buƙatar ji shi ne uban yaron da ya yi fashin kwana talatin, kuma shi sai an je an same shi.

Mataki na uku: tsabtace abin da aka tara

Wannan ba ya ɗaukar lokaci amma ba a tsallake shi. Ku cire sunan da ya fito sau biyu da na yaron da ya bar makarantar tun bara. Ku bambanta gurbin da aka bari babu komai da sifili, domin wanda bai zauna jarrabawa ba daban, wanda ya zauna bai ci komai ba daban. Rajistar da kuka ga an cika ta mako guda da biro ɗaya, kowa ya halarta, ku sa mata alamar tambaya. Sannan ku maye sunayen yara da lambobi a duk takardar da za ta fita daga hannun kwamiti. Ba lallai sai da kwamfuta ba. Babbar takarda da rula suna yin aikin, ko da yake manhajar lissafi irin su Excel tana rage wahala.

Mataki na huɗu: rarrabawa da karantawa

Jimillar makaranta gaba ɗaya ba ta da wani amfani ga mai son gyara. Ku fasa ta: maza da mata, aji-aji, masu zuwa daga nesa da na kusa, waɗanda harshen gidansu ya bambanta da harshen koyarwa, masu lalurar gani ko ji, waɗanda suka shigo a tsakiyar shekara. Sau da yawa matsalar da ake ce wa ta makaranta duka tana zaune ne a aji biyu ko a rukuni ɗaya na yara.

Ku duba shekara uku a jere, ba ɗaya ba. Sakamakon da ya faɗi ƙasa warwas a shekara guda yakan ɗan farfaɗo da kansa a ta gaba ko ba a yi komai ba, haka wanda ya yi sama fiye da kima yakan sauko. Wanda bai san wannan ba zai yaba wa shirin da bai yi komai ba, ko ya zargi malamin da ba shi da laifi. Ya fi kyau ma ku bi ayari ɗaya na yara daga aji zuwa aji, domin 'yan aji biyar na bana ba su ne na bara ba. Ku kuma kula da ƙananan rukunai: a cikin yara goma, yaro ɗaya kashi 10 ne cikin 100, don haka a irin wannan wuri ku faɗi adadin yaran, ku bar maganar kaso.

A zaman karanta bayanan, ku raba allo biyu. Gefe ɗaya "abin da muka gani", ɗaya gefen "abin da muke zato". Mutane suna da saurin tsallakawa zuwa dalili. Wani zai ce 'yan mata na fashi ranar kaza saboda aikin gida, alhali abin da takarda ta nuna kawai shi ne suna fashi ranar. Zaton yana iya zama daidai, amma sai an bincika. Kuma kada ku karɓi wata matsala a matsayin tabbatacciya sai ta bayyana a wuri biyu ko uku daban, misali a gwajin karatu, a littattafan rubutu, da kuma a bakin yaran.

Mataki na biyar: rubuta buƙatun, sannan a tono asalinsu

Kowace buƙata a rubuta ta a jimla ɗaya mai ɗauke da su wa, me, nawa ne yanzu, nawa ya kamata. Kamar a ce: "A cikin 'yan aji uku 80, guda 30 ne ke karanta gajeren labari, alhali manhaja na sa ran dukkansu su iya." Babu maganar littafi, babu bita, babu sunan malami.

Daga nan sai tambayar me ya sa. Kamfanin Toyota ya shahara da dabarar maimaita "me ya sa" har sau biyar, wadda injiniyansa Taiichi Ohno ya yaɗa, shi kuma Kaoru Ishikawa, shi ma ɗan Japan, ya fito da zanen da ke kama da ƙashin kifi, inda ake rubuta matsala a kai, dalilanta a jikin ƙasusuwa: koyarwa, kayan aiki, lokaci, halarta, shugabanci. Daga masana'anta suka fito amma suna aiki a makaranta. Me ya sa 'yan aji uku ba sa karatu? Domin da yawansu ba su san sautin haruffa ba. Me ya sa? Domin a aji ɗaya da biyu ana bin manhaja ne ana wucewa, ko yaro ya gane ko bai gane ba. Me ya sa? Domin babu wanda ke gwada su a tsakiyar zango, kuma abin da ake tambayar malami shi ne ko ya gama manhaja. Me ya sa ƙananan azuzuwa suka fi fama? Domin can ake tura sabbin malamai, gogaggu kuma a ajiye su a ajin jarrabawar fita. To, yanzu an iso wurin da shugaban makaranta ke da iko a kai.

Wannan shi ne sharaɗin: a ci gaba da tono har a kai ga dalilin da makaranta za ta iya taɓawa. "Talauci ne" da "iyaye ba su damu ba" sukan fito a minti biyar na farko. Na farkon gaskiya ne a wurare da yawa, na biyun galibi zato ne, kuma dukansu suna rufe tattaunawa, kowa ya tashi da jin cewa laifin na wani ne. Idan aka ambace su, ku tambaya: a cikin yaran da ke cikin hali iri ɗaya, akwai waɗanda ke koyo? A wane aji suke, me ake yi a can? Kowane dalili da kuka tsayar kuma ku koma ga bayanai ku gwada shi. Idan kun ce fashi ne ya hana karatu, ku jera sunayen masu fashi kusa da sakamakon gwajin. In kuka tarar masu zuwa kullum ma ba sa karantawa, to ba a nan take ba.

Mataki na shida: zaɓe

Za ku fito da buƙatu goma ko fiye. Ku ɗauki biyu, in ya yi yawa uku. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle goma. Abin dubawa wajen zaɓe: yara nawa abin ya shafa, yaya tsananinsa, shin gyara shi zai buɗe ƙofar gyara wasu, kuma kuna da ƙarfin yi a bana? Karatu da halarta sukan yi nasara a wannan awo, domin yaron da ba ya nan ko ba ya iya karanta tambaya babu darasin da zai amfane shi. Sauran buƙatun a rubuta su a ajiye, a gaya wa masu su dalilin jinkirin. Sannan ku yi tambayar da ba a son yi: me za mu daina don wannan ya samu wuri? Lokacin malami ba ya ƙaruwa don an rubuta sabon tsari.

Mataki na bakwai: rubuta tsarin

Sai yanzu ake maganar mafita, kuma dole ta fuskanci dalilin da aka tono, ba alamar da ta fito fili ba. Kafin ku ƙirƙiro taku, ku duba abin da aka riga aka gwada. Gidauniyar Education Endowment Foundation ta Ingila, wadda aka kafa a 2011, tana da taƙaitaccen bayani kyauta a intanet a kan dabaru da yawa, da tsadar kowace da ƙarfin hujjarta. Ga matsalar karatu ta misalinmu, akwai dabarar Pratham ta koyar da yaro daidai matakinsa, inda ake kasa yara na wani lokaci a kullum bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba. An gwada ta sau da dama a Indiya tare da masu bincike na J-PAL, wata cibiyar nazarin hanyoyin yaƙi da talauci, wasu ƙasashe kuma sun ɗauka. A Amurka, dokar ilimi ta 2015 ta wajabta wa makarantun da suka fi rauni su gina tsarin gyaransu a kan binciken buƙatu, su kuma zaɓi matakan da ke da hujja. Duk da haka, abin da ya yi aiki a wani wuri sai an auna shi da yawan malamanku da lokacinku.

Tsarin kada ya wuce shafi biyu. A ƙarƙashin kowace buƙata: inda ake yanzu, inda ake son kaiwa da ranar kaiwa, ayyuka uku ko huɗu, abin da za a kashe, da alamar da za a duba. Gaban kowane aiki a rubuta sunan mutum ɗaya. Aikin da aka rubuta wa "dukkan malamai" ko "kwamiti" babu mai yin sa. Burin ya zama mai yiwuwa: daga 30 cikin 80 zuwa 50 a ƙarshen shekara magana ce, zuwa 80 kuwa fatan baki ne. Ku ɗora tsarin kusa da kasafin kuɗi da jadawalin darussa. Idan babu abin da ya motsa a cikinsu, tsarin bai fara ba. Daga nan a karanta shi ga malamai da iyaye, tare da alƙaluman da suka haifar da shi, har da marasa daɗin ji.

Mataki na takwas: bibiya

Kada ku jira ƙarshen shekara. W. Edwards Deming, masanin inganta aiki ɗan Amurka, bisa aikin Walter Shewhart da ya gabace shi, ya koyar da zagaye mai gaɓa huɗu: a tsara, a aikata, a nazarci abin da ya fito, a gyara. A makaranta wannan na nufin zama na awa ɗaya duk bayan mako huɗu zuwa shida, da tambaya biyu a jere. Ta farko: mun yi abin da muka ce za mu yi? Ta biyu: yana aiki? Jerin yana da muhimmanci, domin shirye-shirye da yawa da aka ce sun gaza ba a taɓa aiwatar da su ba. An ware minti talatin na karatu a takarda, taron safe yana cinye ashirin. Idan an yi kuma babu motsi bayan zagaye biyu, ku koma mataki na biyar, wataƙila dalilin da kuka kama ba shi ba ne.

Akwai tarko a nan. Donald Campbell, masanin zamantakewa, ya yi gargaɗi tun shekarun 1970 cewa duk ma'aunin da aka ɗora wa hukunci mai nauyi, mutane za su fara murɗa shi. An ga haka a birnin Atlanta na Amurka, inda matsin lambar ɗaga maki ya kai ga goge amsoshin ɗalibai ana gyarawa, har kotu ta samu ma'aikatan ilimi 11 da laifi a 2015. Ranar da kuka ɗaura ƙarin girma ko hukunta malami a kan alƙaluman bibiya, daga ranar rajista za ta cika, maki zai tashi, ku kuma ku daina sanin halin da yaran ke ciki. Don haka gwajin bibiya wani malami daban ya yi shi, ba mai ajin ba, kuma wanda ya kawo alƙalami mara daɗi a gode masa a gaban jama'a.

A ƙarshen shekara ku maimaita gwajin farko, da irin takardar, a irin lokacin, ga yaran nan dai. Aikin da ya haifar da sakamako a shigar da shi jadawali da kasafi ya zama na dindindin, wanda bai haifar ba a ajiye shi, sannan a ɗauko jerin buƙatun da aka jingine a mataki na shida a sake auna su da sababbin alƙaluma.